Tarihin Gano Yadda Jiki Ke Ƙin Magani, Daga 1890 Zuwa Yau

Gabatarwa

A ƙasar Hausa idan mutum ya sha magani, ko aka yi masa allura, sa'an nan wata illa ta biyo baya, akan rufe zancen da cewa maganin bai karɓe shi ba. Da wanda ya kwana yana susa bayan ya sha maganin zazzaɓi, da wanda ya yanke jiki ya faɗi tun ma'aikacin asibiti bai ajiye sirinji ba, da wanda fatarsa ta saɓule kamar an watsa masa tafasasshen ruwa mako uku bayan ya fara shan ƙwayoyi, duka da wannan magana ɗaya ake sallamarsu. Amma a wajen masana ilmin likita waɗannan cututtuka ne dabam-dabam, kowace da magungunan da suka fi jawo ta, da lokacin da take bayyana, da sashen jikin da take kamawa, da kuma hanyar ceton wanda ta kama. Sai da aka shafe fiye da shekara ɗari, aka kuma yi asarar rayuka masu yawa, kafin a iya rarrabe su.

Abin da ake magana a kai shi ne halin da garkuwar jiki, watau rundunar da ke kare mutum daga ƙwayoyin cuta, take ɗaukar magani a matsayin abokin gaba, ta far masa, a garin haka ta yi wa jikin da take tsaro ɓarna. Wannan shi Turawa ke kira alaji. Ya sha bamban da shan magani fiye da ƙima, domin wannan yana iya samun kowa idan ya wuce awo, shi kuwa ƙin magani mutane kaɗan yake samu, kuma wani lokaci ƙwaya ɗaya tak ta isa.

Ruwan jinin doki da karen Faris

A shekarar 1890, a birnin Balin na ƙasar Jamus, Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da aka saba wa dafin wata cuta yana iya kare wata dabbar daga wannan dafi. Kafin 1894 an fara tatsar wannan ruwa daga dawaki ana yi wa yara masu mashaƙo allura da shi, yara da yawa da dā sai dai a haƙa musu kabari suka tashi. Sai dai likitoci sun lura cewa wasu daga cikin yaran, bayan sun warke sarai, sukan sake kwantawa da zazzaɓi, da ƙuraje, da ciwon gaɓoɓi, da kumburin kaluluwa, kimanin kwana 8 zuwa 12 bayan allurar. Likitocin yara biyu a birnin Biyana, Clemens von Pirquet da Béla Schick, suka bi diddigin abin, suka wallafa littafi a kansa a 1905. Babban abin da suka gano shi ne lokaci: wanda aka yi wa allurar karon farko sai ya yi kwanaki kafin ciwon ya fito, wanda aka maimaita masa kuwa nan da nan yake fito masa. Ke nan jiki yana koyo, yana kuma riƙe abin da ya koya. A 1906 von Pirquet ya ƙirƙiro kalmar alaji daga harshen Girka, da ma'anar sauyin yadda jiki ke karɓar abu.

A daidai wannan zamani wasu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suka faɗa wa ɗaya ɓangaren matsalar ba da niyya ba. A 1901 Yarima Albert na Monako ya gayyace su cikin jirgin ruwansa don su binciki dafin wata halittar teku mai harbin masu iyo. Da suka koma Faris suka ci gaba da gwaji a kan karnuka, da nufin saba musu da dafin kaɗan-kaɗan har ya daina yi musu illa. Wani kare mai suna Neptune ya ɗauki allurar farko lafiya lau. Bayan 'yan makonni aka ba shi ɗan kaɗan daga dafin, sai ya faɗi yana haki da amai, ya mutu cikin ƙasa da rabin sa'a. Suna neman rigakafi suka sami kishiyarsa, don haka a 1902 suka raɗa wa abin suna anafilaksis. Richet ya sami lambar Nobel saboda wannan aiki a 1913.

Ashe tun kafin Yaƙin Duniya na Farko an san iri biyu: mai zuwa cikin mintoci ya toshe numfashi ya karya bugun jini, da mai zuwa bayan kwana goma da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Dukansu biyu har yanzu ana ganinsu a asibitocin da ke karɓar waɗanda maciji ya sara, irin na Kaltungo a Jihar Gombe, domin maganin dafin kububuwa daga jinin doki ko na tumaki ake sarrafa shi. Shi ya sa ƙa'ida ce a ajiye allurar adirenalin a kusa kafin a fara ɗura shi.

Zamanin salfa da fenisilin

Da farko masana sun ɗauka cewa abubuwa masu manyan ƙwayoyi kamar ruwan jinin dabba su kaɗai ke iya tunzura garkuwar jiki. Karl Landsteiner, wanda ya gano rukunonin jini, shi ya nuna cewa ɗan ƙaramin sinadari ma yana iya yin haka idan ya manne wa wani sinadarin jikin mutum, ya sauya masa kama har garkuwa ta kasa gane nata. Ba a daɗe ba magungunan zamani suka tabbatar da maganarsa.

A 1935 Gerhard Domagk ya bayyana Prontosil, wanda ya buɗe ƙofar magungunan salfa. A 1938 aka fito da M&B 693, wanda aka yi amfani da shi wajen ciwon huhu da sanƙarau. A 1928 Alexander Fleming ya gano fenisilin, amma sai a 1941 Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Okusfod suka gwada shi a jikin mutum. Waɗannan magunguna biyu sun ceci miliyoyin rayuka, kowannensu kuma ya zo da tasa illar, domin kowane allazi da nasa amanu.

Shi fenisilin an yi masa shaidar cewa ba shi da dafi ko an sha da yawa, saboda haka aka yi ta rabonsa ba ƙaƙƙautawa. A 1949 aka wallafa a Amurka rahoton mutuwar wani majinyaci nan take bayan allurarsa, daga nan rahotanni suka yi ta ƙaruwa. Wani nazari da aka buga a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1968 ya ƙiyasta cewa cikin mutum 100,000 da aka ba fenisilin, kusan biyu ke mutuwa ta wannan hanya. Alamominsa sanannu ne: borin jini, kumburin leɓe da maƙogwaro, shaƙewar numfashi, jiri da suma, galibi cikin sa'a guda, kuma allura ta fi ƙwaya haɗari. Ceto yana cikin gaggauta allurar adirenalin a tsokar cinya. Ƙwayoyin maganin ƙaiƙayi ba su isa su tsayar da shi ba.

Salfa kuwa a fata ta fi nuna halinta, kuma ba ta gaggawa. Tun a 1922 likitocin yara biyu a birnin New York, Albert Stevens da Frank Johnson, suka bayyana wasu yara maza biyu masu zazzaɓi da ƙuraje da gyambon baki da ruɓewar ido, ba su kuwa danganta abin da magani ba. A 1956 Alan Lyell, likitan fata a Sikotland, ya bayyana majinyata huɗu da fatarsu ta saɓule kamar ta wanda ya ƙone. Daga baya aka fahimci cewa cuta ɗaya ce mai daraja biyu, kuma magani ne ke jawo mafi yawanta. A 1993 masana suka yi mata awo: idan fatar da ta saɓule ba ta kai kashi 10 cikin 100 na jiki ba ana kiranta da sunan Stevens da Johnson, idan ta wuce kashi 30 ita ce ta Lyell, wadda ke kashe kusan mutum ɗaya cikin uku da ta kama. Takan fara kwana 4 zuwa 28 bayan fara shan magani, da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da jan ido, har a ɗauka mura ce ko ƙyanda. A nan adirenalin ba shi da amfani. Abin yi shi ne a tsayar da maganin tun ranar farko, a yi jinyar mutum kamar wanda wuta ta ƙona, a kuma kula da idanunsa, domin wasu cikin waɗanda suka tsira sukan rasa gani.

Dafson da darasin Uzuakoli

Iri na huɗu yana da tarihi a Nijeriya. A ƙarshen shekarun 1940, a sansanin kutare na Uzuakoli da ke gabashin ƙasar, Dokta John Lowe ya nuna cewa ana iya ba da dafson ta baki, a ƙaramin awo, ya yi maganin kuturta. Ya wallafa sakamakon a 1950. Saboda arharsa da sauƙin rabonsa, dafson ya fitar da jinyar kuturta daga sansani ya kai ta ƙananan asibitocin karkara, har da na Arewa. Amma Lowe ya lura da wasu majinyata da sukan kamu da zazzaɓi mai zafi, da ƙuraje, da kumburin kaluluwa, da shawara, wajen mako na biyar ko na shida da fara shan maganin.

An ga irin wannan ciwo tare da fenitoyin, maganin farfaɗiya da aka fara amfani da shi a 1938, daga baya kuma tare da kabamazafin da fenobabiton da alofurinol, maganin ciwon gaɓoɓin da ake kira gawut. Da yake kowane fanni na likitoci ya ba shi nasa suna, sai a 1996 wasu likitocin fata a Faransa suka tattara shi ƙarƙashin suna ɗaya, DRESS. Haɗarinsa a cikin ciki yake, a hanta da ƙoda, wani lokaci har zuciya. Yakan bayyana mako 2 zuwa 8 bayan fara magani, lokacin da majinyaci da likita duk sun daina zargin ƙwayar, kuma yana iya ci gaba makonni bayan an daina shanta.

Yadda aka rarrabe su

A 1963 wasu masana biyu na Ingila, Philip Gell da Robin Coombs, suka kasa waɗannan cututtuka gida huɗu bisa ga makamin da garkuwar jiki ta yi amfani da shi. Na farko shi ne mai saurin nan irin na fenisilin. Na biyu shi ne wanda garkuwa ke farfasa ƙwayoyin jini da magani ya manne musu. Na uku shi ne ciwon ruwan jinin doki, inda makamin garkuwa da abin da ya kama suke dunƙulewa su maƙale a jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙoda. Na huɗu shi ne mai jinkiri, wanda wasu fararen ƙwayoyin jini ke yi da kansu, kuma a nan ne daga baya aka sanya saɓulewar fata da ciwon dafson. Tsakanin 1966 da 1967 Kimishige da Teruko Ishizaka a Denba ta Amurka, da Gunnar Johansson da Hans Bennich a Ufsala ta Suwidin, suka gano makamin iri na farko, wanda aka raɗa wa suna IgE a 1968.

Amfanin wannan rarrabewa a bakin gadon majinyaci yake. Mace mai ciki da ke da tunjere, wadda fenisilin ya taɓa sa wa borin jini, ana iya saba mata da shi a asibiti, daga ɗigo kaɗan ana ƙarawa cikin sa'o'i, har ta karɓi cikakken awo. Wanda kuwa magani ya taɓa saɓule masa fata ko ya taɓa masa hanta, ba a sake gwada masa wannan magani har abada.

Fansidar da tiyasitazon

Shekarun 1980 da 1990 sun ƙara darussa biyu. Na farko daga Fansidar ya fito, wanda ke ɗauke da salfa mai daɗewa a jiki. Da zazzaɓin cizon sauro ya fara gagarar kulorokwin, sai aka shawarci matafiya Amurkawa su riƙa shan Fansidar kowane mako don rigakafi. Bincike ya nuna cewa mutum ɗaya cikin 5,000 zuwa 8,000 na samun mummunar cutar fata, ɗaya cikin 11,000 zuwa 25,000 kuma na mutuwa, don haka a 1985 aka janye shawarar. Wannan magani dai shi ake bai wa mata masu ciki jefi-jefi, shi ne kuma ake haɗawa da amodiyakwin a raba wa yara ƙanana wata-wata da damina a arewacin Nijeriya da Nijar, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012, kuma a wannan tsari mummunar illa ba ta cika aukuwa ba. Ashe yadda ake ba da magani, da girman haɗarin cutar da ake gudu, suna cikin lissafi.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Tiyasitazon magani ne na tarin fuka mai arha ƙwarai, wanda ƙasashen Afirka da yawa suka dogara da shi tun shekarun 1960. Da cutar ƙanjamau ta bazu, sai asibitoci suka fara cika da masu tarin fuka da fatarsu ke saɓulewa. Binciken da aka yi a Nairobi, aka wallafa a 1991, ya nuna cewa cikin masu ɗauke da ƙwayar ƙanjamau kusan ɗaya cikin biyar ke samun cutar fata daga wannan magani, alhali cikin waɗanda ba su da ita kusan ɗaya cikin ɗari ne. An ga irin haka ga yara a Zambiya. Maganin da zai maye gurbinsa, itambutol, ya fi tsada, saboda haka aka shafe shekaru ana muhawara a kan kuɗi kafin a yi watsi da tiyasitazon. A nan hukuncin ya bar hannun likita ya koma teburin masu kasafi da masu sayen magunguna na gwamnati. Haka kuma aka lura cewa Septrin da nebirafin suna yawan jawo cutar fata ga masu ƙanjamau, wanda yana cikin dalilan da suka sa aka sauke nebirafin daga sahun farko na magungunan cutar.

Gadon jini

Tambayar da ta rage ita ce me ya sa magani ɗaya zai warkar da mutum dubu ya kashe ɗaya. A farkon wannan ƙarni aka sami wani ɓangare na amsar a cikin wasu alamomi da kowa ke gada daga iyayensa, waɗanda ake kira HLA, masu aikin nuna wa garkuwar jiki abin da za ta yaƙa. A 2002 masu bincike a Ostireliya suka gano cewa masu alamar HLA-B*57:01 su ne abakabir, wani maganin ƙanjamau, ke sa wa zazzaɓi da ƙuraje da amai, kuma idan aka maimaita musu shi bayan an tsayar yana iya kashe su cikin sa'o'i. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2008 ya tabbatar da cewa auna jini kafin ba da maganin yana kawar da wannan haɗari. A 2004, a Taiwan, aka duba mutum 44 da kabamazafin ya saɓule wa fata, aka tarar dukansu suna da HLA-B*15:02. A 2005 aka danganta alofurinol da HLA-B*58:01, a 2013 kuma masana a ƙasar Sin suka danganta ciwon dafson da HLA-B*13:01, shekara sittin da uku bayan rahoton Lowe.

Waɗannan alamomi ba su bazu daidai a duniya ba. Ta kabamazafin ta yawaita a kudu maso gabashin Asiya, ta yi ƙaranci a Turai da Afirka. Ta abakabir ta fi yawa ga Turawa. Ma'anar wannan ita ce gwajin magani da aka yi a wata nahiya ba ya ɗauke wa wata nauyin lura da mutanenta.

Masu kama da alaji

Akwai illolin da suke kama da ƙin magani amma hanyarsu dabam ce, kuma rikita su yana da nasa haɗari. Wanda ya rayu kafin 2005, lokacin da Nijeriya ta sauya kulorokwin da magungunan haɗi masu atimisinin, ya san ƙaiƙayin kulorokwin, wanda likitocin Nijeriya suka bayyana a rubuce tun 1964. Yakan hana barci kwana biyu ko uku ba tare da ƙurji ba, ba ya kisa, amma ya sa mutane da yawa sun bar magani a tsakiya. Firimakwin kuwa yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin masu ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD, kamar yadda aka gano a Cikago a 1956. Wannan gado ne da ya yawaita ga maza a Afirka ta Yamma, shi ne kuma ya sa aka janye Lapdap, wani maganin zazzaɓi mai dafson, a 2008.

Asfirin yana tayar wa wasu masu asma ciwonsu, kuma wanda asfirin ya yi wa haka, ibufurofen da dikulofenak ma za su iya yi masa, domin duka hanya ɗaya suke toshewa a jiki. Sa'an nan akwai magungunan hawan jini na dangin kaftofiril da lisinofiril, waɗanda kan kumbura leɓe da harshe ba tare da borin jini ba, wani lokaci bayan watanni ko shekaru ana shansu lafiya. An tabbatar cewa wannan ya fi samun baƙar fata, kuma tun da ba ta hanyar IgE yake zuwa ba, magungunan alaji na yau da kullum ba su cika yi masa tasiri ba.

Kammalawa

Kusan duk abin da aka sani a wannan fage daga rubutaccen rahoto ya samo asali: wani likita ya ga abu, ya rubuta sunan magani, da ranar da aka fara shi, da ranar da illa ta fito. Bayan bala'in talidomaid, maganin da ya nakasa jarirai dubbai a ciki, Birtaniya ta kafa tsarin katin rahoto a 1964, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa nata na ƙasa da ƙasa a 1968, wanda cibiyarsa ta koma Ufsala a 1978. Nijeriya ta kafa NAFDAC a 1993, ta shiga wannan tsari a 2004.

Rubutu marar daidai shi ma yana da illa. A ƙasashen da aka bincika, kusan mutum ɗaya cikin goma ke cewa fenisilin bai karɓe shi ba, amma idan aka gwada su fiye da tara cikin goma suna iya shansa lafiya. Waɗannan an hana su magani mai arha da inganci, an tura su ga mai tsada, saboda wani ƙurji na ƙuruciya da ba a tantance ba. A ɗaya gefen kuma akwai wanda salfa ta taɓa kwantar da shi, ya je kemis aka ƙulla masa ƙwayoyi a leda ba suna, ya sake shanta da wani sunan kamfani.

Saboda haka tambayoyi huɗu ne ya kamata su maye gurbin cewa magani bai karɓi mutum ba: wane magani ne da ainihin sunansa, bayan minti ko kwana nawa illar ta fito, wane sashe na jiki ta kama, kuma me aka yi ta lafa. Amsoshin su ne ya kamata a gani a katin asibitin kowane majinyaci. Ɗalibin da zai riƙe sirinji gobe, da ma'aikacin da ke ajiye fayil, da jami'in da ke sa hannu a takardar sayen magunguna, kowannensu yana da hannu a cikin ko za a rubuta waɗannan amsoshi, ko kuwa za a bar wani ya sake sayen darasin da ransa.